Awon Ruwa: Na Gulbi, da Na Dam, da Na Rijiya

Magidancin kirki ba ya jira sai rumbu ya ƙare sa'an nan ya leƙa ciki. Tun da kaka ya san dami nawa ya zuba. In rani ya yi nisa ya kan hau ya duba abin da ya saura. In ya ga da ƙyar za a kai ga sabon gero, sai ya ce wa uwargida a rage awo. Ba mai ce da shi marowaci, don kowa ya san abin da ya hango.

To, ruwa ma haka ya ke. Nan ƙasar Sakkwato sama ta kan ba mu ruwa kamar wata huɗu ne kawai, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa kuwa a Agusta. Amma mu da dabbobinmu da lambunanmu wata goma sha biyu mu ke sha. Ashe ke nan ruwan da mu ke sha a watan Afrilu ajiyayye ne. Rumbunansa biyu. Akwai wanda mutum ya gina, shi ne dam, watau madatsar ruwa. Akwai wanda ke ƙarƙashin ƙasa, inda rijiya ke ɗebowa. Gulbi kuwa shi ne jakin da ke yi musu jigila. Duka ukun nan ana awonsu, har akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan. Bari mu gaya muku yadda su ke yi.

Inda ruwan ya ke fitowa

Mutumin Tudun Wada a birnin Sakkwato, in ya murɗa famfo ruwa ya zo, ba safai ya kan tuna da tafiyar da ruwan nan ya sha ba. Tafiya ce mai nisa.

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, a Jihar Katsina. Ya bi ta Gusau, ya faɗa dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, sa'an nan ya iso nan. Gulbin Rima kuwa tarin gulabe ne. Akwai Bunsuru, akwai Gagare. Akwai kuma wani da ya bi ta Jibiya, ya ƙetare iyaka ya shiga ƙasar Nijar, ya ratsa Maraɗi, ya sake komowa Nijeriya ta wajen Sabon Birni. In sun haɗu sai su bi ta Goronyo da Wurno, su gamu da Gulbin Sakkwato kusa da birni. Daga nan sai Wamakko, sai Argungu, sai Birnin Kebbi, har a faɗa Kwara.

Kun ga ke nan ana iya kwana uku ba a ga ko ɗigo a Sakkwato ba, amma gulbi ya cika ya batse, don an kwana ana ruwa a Zamfara ko Katsina. Duban hadarin da ke bisa gidanka ba ya gaya maka abin da gulbi zai yi jibi. Kuma da ya ke ruwa bai san iyaka ba, a 1990 Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a kan yadda za su yi da gulaben da suka yi tarayya a kansu, har da na Maraɗi.

Awon farko na ruwan sama ne. Ana kafa wani gwangwani mai mazurari a fili, nesa da itace da bango. Kowace safiya a juye abin da ya taru a auna da milimita. Milimita ɗan ƙanƙanen abu ne, bai fi kaurin farce ba. Amma milimita ɗaya in ta sauka bisa gona mai hekta ɗaya, duro hamsin ke nan. Sakkwato ta kan sami wajen milimita 600 zuwa 700 a shekarar da ta yi daidai.

Sandar da ke bakin gulbi

Wataƙila kun taɓa gani a jikin ƙafar gada, ko a bakin gaɓa, an kafa wani dogon allo na ƙarfe, fari, da zane-zane da lambobi a jikinsa. Ba ado ba ne. Ma'aunin gulbi ke nan. Lambobin santimita ne, santimita 100 ita ce mita ɗaya. Akwai wanda aka ɗauka ya riƙa zuwa safe da maraice, ya duba lambar da ruwa ya taɓa, ya rubuta a littafi tare da kwanan wata. Wamakko tana cikin wuraren da aka daɗe ana awon gulbinmu, don ruwan Rima da na Sakkwato duk ta nan su ke wucewa.

Amma sanda tsayin ruwa kaɗai ta ke nunawa. Abin da ma'aikata su ke so su sani shi ne, ruwa nawa ke wucewa? Wannan sai da lissafi, kuma lissafin bai fi ƙarfinku ba.

A ce faɗin gulbi mita 40 ne. An bi da gora an zunkuɗa wuri-wuri, wani wuri da zurfi, wani wuri ba zurfi, aka daidaita aka sami mita 2. Sai a auna mita 10 a bakin gaɓa, a jefa kara cikin ruwa, a duba agogo. A ce karan ya ci mita goman nan cikin daƙiƙa 20. Gudun ruwa rabin mita ke nan a daƙiƙa ɗaya. To, 40 sau 2, 80. Rabin 80, 40. Wannan 40 ɗin ana ce da ita mita kubik 40. Mita kubik ɗaya kamar tanki ne mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. Yana cin lita 1,000, watau duro biyar, ko jarka arba'in irin ta masu kura. Ashe duro 200 ke wucewa ta gabanka kafin ka ƙifta ido.

Su ma'aikata ba kara su ke jefawa ba. Suna da wani ƙarfe mai farfela da su ke zurawa cikin ruwa, yawan juyinta shi ke nuna gudu. Su kan yi awon nan lokacin da gulbi ya cika, da lokacin da ya janye, da tsaka-tsaki. Daga nan su tsara jadawali: in sanda ta nuna kaza, ruwa kaza ke wucewa. Sai dai gulaben ƙasarmu masu yashi ne. Ambaliya ɗaya ta kan kwashe yashi daga nan ta jibge can, jadawalin bara ya tashi daga aiki. Dole a yi ta sake awo. Yanzu akwai na'urori masu rubuta tsayin ruwa da kansu, su aika ofis ta waya ko ta tauraron ɗan'adam. Duk da haka ba a rabu da mai karanta sanda ba, gama na'ura ta kan lalace, wani lokaci ma a sace ta.

Lambar yini ɗaya ba ta da wani amfani sosai. Amfanin yana ga tarin shekaru. A Yamai, babban birnin Nijar, tun 1929 a ke rubuta tsayin Kwara. Saboda wannan dogon littafi suka san cewa in ruwa ya kai santimita 620 a sandarsu, unguwannin bakin kogi suna cikin haɗari, suka sa wa lambar jan layi. A watan Satumba na 2020 ruwa ya kai wajen santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Shekarar ce kuma ambaliya ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi.

Kada ku ce wannan sabon abu ne da Turawa suka kawo. A birnin Alƙahira na Masar, a wani tsibiri tsakiyar Kogin Nil, har yanzu akwai wata rijiya ta dutse da ginshiƙi a tsakiyarta mai zanen kamu-kamu. An gina ta a shekara ta 861, fiye da shekara dubu ke nan. In ruwa ya kai kamu 16 sai gari ya ɗau murna, an san za a sami abinci. In ya kasa, hukuma ta san yunwa na tafe. Har haraji da ita a ke yankewa.

Dam kamar ƙwarya ya ke

Bayan babban farin da aka yi a 1972 da 1973, gwamnati ta mai da hankali ga tare ruwa. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An gama dam ɗin Bakolori a 1978, yana cin mita kubik miliyan 450. Na Goronyo, a kan Rima, an gama shi a 1984. Tsawon bangonsa ya haura kilomita 12, abin da ya ke ci kuwa ya haura mita kubik miliyan 900. Ku buga da biyar ku ga duro nawa ke nan. Da rani, ruwan da a ke sakowa daga Goronyo shi ke bin gulbi ya iso inda a ke tacewa a tura wa birnin Sakkwato. Shi kuma masu albasa da tafarnuwa da shinkafa su ke ja.

A dam ma sanda a ke karantawa, amma akwai wuri biyu da ido ke ruɗin mutum. Na fari, dam kamar ƙwarya ya ke, bakinsa da faɗi, gindinsa a tsuke. Ku cika ƙwarya da ruwa, ku zubar har ya komo rabin tsayinta, sa'an nan ku auna abin da ya saura. Za ku ga bai kai rabi ba, ko kusa. Haka dam. Mutum ya kan tsaya bisa bango ya ce, "Ai da sauran ruwa," alhali mafi yawa ya tafi.

Na biyu, laka. Kun san yadda ruwan gulbi ya ke ja wur da damina. Wannan ja ƙasar gonaki ce ya kwaso. In ya shiga dam ya natsu, sai ƙasar ta kwanta a gindi. Shekara da shekaru tana taruwa. Sanda tana nuna lambar da ta saba nunawa, amma ruwan ya ragu, kamar mudun da aka liƙa wa ƙasa a ciki. Don haka lokaci lokaci sai an shiga jirgin ruwa da na'ura an auna gindin dam an ga inda laka ta kai. Ga kuma rana da iskar hunturu. A ƙasa mai zafi irin tamu su kan shanye wajen mita biyu daga saman tafki a shekara, ba wanda ya sha, ba wanda ya yi ban ruwa da shi.

Dam ɗin Goronyo ya nuna mana fuska biyu cikin shekara takwas. A ƙarshen Agusta na 2010 aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, dam ya cika har ya ba da tsoro. Farkon Satumba aka buɗe ƙofofi, duk da haka bayan 'yan kwanaki ruwa ya ɓalle wani sashe ya fito da ƙarfi. Ƙauyuka da gonaki a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko suka nutse. Ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai da kwalekwale a ke ƙetarewa. A watan Maris na 2018 kuwa, dam ɗin nan dai, aka wayi gari abin da ya saura a cikinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Hukuma ta ce daminar 2017 ba ta yi kyau ba, ga kuma laka. Famfuna suka yi ƙaranci a Sakkwato da Birnin Kebbi, masu noman rani suka shiga zulumi.

In an yi ambaliya mu kan ji mutane suna cewa, "Sun sako mana ruwa." Gaskiya ne, an sako. Amma mai kula da dam tsaka mai wuya ya ke. In ya saki ruwa da wuri, damina kuma ta ɗauke, da rani za a ce ya zubar da abin sha. In ya riƙe, damina ta ƙaru, bango na iya fashewa, wannan kuwa ya fi kowace ambaliya muni. Ba abin da zai raba masa gardama sai lambobi: nawa ke cikin dam, nawa ke tafe daga Bunsuru da Gagare da Maraɗi. A 2010 aka yi dokar da ta kafa hukumar awon ruwa ta ƙasa, wadda a ke kira NIHSA. Tun 2013 ta kan fid da sanarwa kowace shekara kafin damina, ta faɗi ƙananan hukumomin da ta ke jin ambaliya za ta shafa. A ganinmu rabin aikin ke nan. Lambar da ta kwana cikin littafi a ofis ba ta ceci akuya ko ɗaya ba. Sai ta bi ta rediyo da hakimi da mai unguwa ta isa kunnen mai gona a fadama, tun yana da sauran lokacin kwashe kayansa. Ku kuma in sanarwar ta zo, kada ku ce ai bara ma an faɗa ba a ga kome ba.

Rumbun da ba a gani

Na ukun shi ya fi wuyar awo, don ba mai ganinsa. Ƙarƙashin ƙasa ba wani kogi ne ke gudu ba, kamar yadda waɗansu su ke zato. Ruwa ne ke maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin dutse, kamar yadda ya ke zama cikin soso.

Ƙasar Sakkwato hawa-hawa ta ke, kamar tabarmi da aka shimfiɗa bisa juna, sun ɗan karkata wajen arewa maso yamma. Wani hawa yashi ne, yana riƙe ruwa. Wani yumɓu ne, ba ya barin ruwa ya wuce. Masana sun sa musu sunayen garuruwanmu: Gundumi, Taloka, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Na Kalambaina shi ne farin dutsen nan da a ke yin siminti da shi. Yana da tsagogi, ruwan sama ya kan shige ciki, yumɓun Dange da ke ƙarƙashinsa ya tare. Daga nan rijiyoyi da yawa na kewayen birni su ke sha, da idanun ruwa, da tafkin Kware. Wannan hawa ba shi da zurfi. Yana cika da wuri, yana kuma janyewa da wuri. Rijiyar burtsatse ita ke huda shi ta wuce zuwa yashin da ke can ƙasa.

A shekarun 1960 ma'aikatan binciken ƙasa na Nijeriya da waɗansu daga Amurka suka yi ta haƙa suna gwadawa, aka buga sakamakon a 1973. A wajen Argungu da Birnin Kebbi sun sami wuraren da in an huda yumɓu ruwa ke ɓulɓulowa sama da kansa, ba famfo. Daga baya aka gano cewa wani ruwan da ke can zurfi ya shekara dubbai a wurin. Irin wannan in an kwashe, ba damina ɗaya ko goma ke mayar da shi ba.

Fadama ita ce inda ukun nan suka fi haɗuwa. In gulbi ya malala bisa fadama, ruwa ya kan nutse cikin yashi, ya zauna nan kusa. Shi ne masu lambu su ke ja da rani, da can da jigo, yanzu da ɗan bututu da inji. Bayan an gina Bakolori malalar nan ta ragu a fadamun da ke ƙasa da shi, masu shinkafa da masunta suka ji a jikinsu. Ka taɓa gulbi, ka taɓa rijiya.

A cikin gari kuwa, dubi Tudun Wada da sauran unguwanni. In famfo ya yi wuya, duk mai hali sai ya haƙa burtsatse. Ba laifi ba ne. Amma inji in yana ja, ruwan da ke kewaye da shi ya kan lotsa, kamar yadda tsakiyar hatsi ke lotsawa in ana ɗiba da mudu. In injuna sun yi yawa kusa da juna, suna sha daga hawa ɗaya, rijiyar da ta fi gajarta ita ke fara ƙafewa, ita ce kuwa ta talaka. Ma'aikata suna da rijiyoyin da ba a ɗiba, sai awo kaɗai. Su kan zura tef mai ƙararrawa, in ya taɓa ruwa ya yi ƙara. Amma irin waɗannan rijiyoyi kaɗan ne, ƙasar kuwa da faɗi.

Ku auna taku

Nan ne ku ke da abin yi, ba kuwa sai da kuɗi ba. Mutanenmu sun saba cewa rijiya gaba goma ce, ko gaba goma sha biyu. Amma gabar dogo ba ɗaya ta ke da ta gajere ba. Ku sami igiya wadda ba ta miƙewa, ku ari tef wurin tela ko magini, ku yi ƙulli a kowace rabin mita. A bakin igiyar ku ɗaura ɗan gwangwanin tumatir mai tsabta, bakinsa yana kallon ƙasa, da ɗan dutse don nauyi. In ya taɓa ruwa za ku ji ya ce "ɓut". Sai ku riƙe igiya daidai bakin rijiya, ku jawo, ku ƙirga ƙulli.

Ku yi alama a bakin rijiya, kullum daga nan za ku auna. Ku auna da asuba, tun mata ba su fara ja ba, don in an yi ta ɗiba ruwa ya kan sauka, sai ya huta ya komo. Ku tsai da rana ɗaya, a ce ran ɗaya ga kowane watan Turawa, da kuma ran goma sha biyar. Kada kowa ya shiga rijiya don awo. Tsohuwar rijiya ta kan tara iska mai kisa.

Ku lura da abu ɗaya. A sandar gulbi, in lamba ta ƙaru ruwa ya ƙaru. A rijiya kuwa akasin haka ne, don daga sama ku ke aunawa. In watan jiya kun sami mita 9, yau kun sami 10, ruwa ya sauka ke nan da mita ɗaya.

Shekarar fari za ku ga ruwa ya hau bayan damina, ya yi ta sauka har Mayu ko Yuni. Wannan ba abin tsoro ba ne, numfashin rijiya ke nan. Abin dubawa shi ne Mayun bana da Mayun bara da na bara waccan. In kowace shekara lambar tana ƙaruwa, ko da an yi damina mai kyau, ana ɗiba fiye da abin da ke shiga. Sai ku ɗauki littafin ku kai wa mai unguwa ko hakimi, a kai wa ma'aikatan ruwa. Wanda ya ce, "Rijiyarmu tana ja baya," za a ce masa Allah ya kyauta. Wanda ya buɗe littafi ya nuna mita 9, da 10, da 11 da rabi, dole a zauna a saurare shi.

Littafin makaranta na 'yan kuɗi kaɗan ya isa. Ku ja layi uku: kwanan wata, da mita, da abin da kuka lura, kamar an yi ruwa jiya, ko an haƙa sabuwar burtsatse a maƙwabta, ko an yashe rijiya. In wanda ke rubutawa zai tafi cin rani, ya bar wa wani igiya da littafi. In kuwa rijiya ta ƙafe ƙaf, kada ku bar layin ba kome. Ku sa kwanan wata, ku rubuta "ta ƙafe". Ranar da ruwa ya komo, ita ma ku rubuta.